Amin na Biyu

Ranar da muka fara aiki
Fada Bankole ya tsaya gaban bagadi
ya tafa hannu sau ɗaya.
Muka yi shiru muna ƙirge:
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
tafin bai gama yawo ba.
Ya ce, "Kun ji ciwon ke nan.
In na ce ku yafe wa juna,
kafin maganar ta kai bencin baya
ta dame, ta zama kunu."

Ni Tanimu, mai haɗa waya daga Agege,
na jingina tsani a jikin ginshiƙi.
Can sama na tarar da shekara hamsin a kwance:
yanar gizo, kashin jemage,
wayar da iskar teku ta lashe ta bar ta kore,
da wata lasifika mai tsagaggen baki
da ke tari tun mulkin soja.
Wani ma'aikaci da ya riga ni hawa
ya rubuta sunansa da gawayi a jikin katako.
Na gaishe shi.
Na datse wayarsa.

Mako uku muna yi wa bango sutura,
allunan soso, yadi ruwan ƙasa.
A waje yaran danfo na kiran Oyingbo, Oyingbo,
jirgin ƙasa ya wuce, tagogi su kama rawar ɗari,
janareton maƙwabta kuwa ba ya azumi.
In azahar ta yi na sauko,
katikis Dogara, mutumin Zonkwa,
zai miƙo min buta tun ban tambaya ba,
ya ce, "Bayan ɗakin taro akwai inuwa."

Wajen fitilu muka yi musu.
Injiniya na son fari tas.
Fada ya ce, "Nan ba asibiti ba ne,
ku nemo min kalar hantsi."
Da muka kunna sai asiri ya tonu:
ga sawun ruwan sama a bango, daga rufi har ƙasa,
ga wani tumaki a tsohon zane
da ba wanda ya san suna nan.

Sai Iya Remilekun.
Kullum da la'asar, benci na bakwai, hannun hagu.
Ranar da muka manna allo na ƙarshe
ta kama ni a hannun riga,
da Hausar da ta koya wajen sarin tumatir:
"Yaro, ina ka kai shi?"
Mijinta ya shekara talatin cikin mawaƙa.
Muryarsa mai kauri, in ji ta, ta maƙale a rufin nan.
Duk sanda jama'a suka ce amin,
amin na biyu, mai saukowa daga sama,
nasa ne.

An biya ni in kashe amsa-kuwwa.
Ba wanda ya gaya min tana da dangi.

Daren nan sauro ma ya gaji da ni.
Da sassafe, kafin injiniya ya fito daga cunkoson gada,
na hau tsani,
na kwance kusa huɗu,
na cire allo guda, faɗin darduma,
daidai saman benci na bakwai.
Na bar bango tsirara a wajen.

Ran Lahadi na tsaya bakin ƙofa,
sukundireba a aljihu ko da wani abu zai yi gardama.
Fada ya yi magana, ba ihu,
ta iso min tsaf kamar a kunne ya raɗa.
Wani dattijo a baya ya ƙyalƙyale da dariya,
ashe an daɗe ana ba da labarin, yau ya fara ji.

Aka ce amin.
Ni dai ban ji komai ya dawo ba,
kunnen mai waya ne, ƙara kawai ya sani.
Amma na ga ɗankwalin Iya
ya ɗaga sama kaɗan,
ya jima a haka.